Ruwan Sale Ba Ya Gudu

Duk shekara, da an fara ɗaukar ɗalibai a makarantar koyon aikin jinya, sai 'yan matan unguwarmu a Dutse su tuna ina raye. Su zo su durƙusa su gaishe ni, su ce, "Anti, a sa mu a hanya." In na tambaye su me suka gani a aikin, sai a yi ta murmushi ana wasa da bakin hijabi. Ai na san amsar: farin kaya, da allura, da mutanen ƙauye suna ce maka likita. Wata mai gaskiya a cikinsu ta ce min ita dai ta ji da takardar nas ana fita waje. Na gode mata, don ta rage min wahalar tambaya. To ku saurara. Na shiga aikin nan ina budurwa, na fito da furfura, kuma mafi yawan shekarun a ɗakin yara na yi su, a wani asibitin karkara da ba zan kama sunansa ba, inda mutanen ƙauyukan Kiyawa da Buji suke kawo marasa lafiyarsu. Abin da na nema a ƙarshen aikina bai taka kara ya karya ba: mutum ɗaya da zan miƙa wa ɗakin in tafi gida da kwanciyar hankali. Labarin yadda na rasa shi nake so ku ji kafin ku ɗinka fararen kaya.

Aikin da na fara yi ba allura ba ce. Matiron Gambo, shugabarmu a lokacin, Allah ya jiƙanta, ta tsayar da ni a gaban gadon wani yaro da aka sa wa ƙarin ruwa. Ta nuna min ɗan bututun da ruwan yake ɗiga a ciki, ta ce in riƙa ƙirga ɗigon da agogona, in ya ƙaru ko ya ragu in kira ta. Tun hantsi nake tsaye har aka kira azahar. Ƙafafuna suka yi tsami, na ce a raina matar nan tsanata ta yi. Da ta dawo ta ga na ɓata rai sai ta ce, "'Yar nan, allura ko mai kemis yana yi. Ke kallo aka ɗauke ki ki yi. Ruwan nan da kike rainawa magani ne, in ya yi yawa kuma guba ne. Babba zai shanye ledar ruwa guda ya nemi ƙari. Jariri kuwa, sakar masa ita ki ga yadda ake nutsewa a kan gado." Daga nan ta tura ni wanke kwanukan bahaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Agogo maƙale a ƙirji, almakashi a aljihu, filasta, auduga, ma'aunin zafi, sai kanula, wato 'yar robar da ake zura wa cikin jijiya. Abin ɗaure hannu kuwa, tsohuwar robar ƙarin ruwa muke yankewa. A jikin kowace robar ƙarin ruwa akwai wata 'yar taya. Ka murza ta ƙasa ruwa ya tsaya, ka murza ta sama ya zubo da gudu. Ba ta kai ƙwayar gurjiya girma ba, amma ban san wani abu a ɗakin yara da ya fi ta haɗari ba.

Neman jijiya a jikin yaron da gudawa ta tsotse, wannan shi ne inda ake sanin nas. Na tuna wata jaririya da aka kawo daga rugar Fulani, fatarta in ka ja sai ta tsaya a tsaye. Na duba hannu babu, ƙafa babu. Na aske mata gefen kai, na jira ta yi kuka jijiyar ta taso, amma ko ƙarfin kukan ba ta da shi. Da yatsa na lalubo ta, ba da ido ba. Sati bai cika ba uwarta ta dawo min da ƙwaryar nono. Irin wannan ba a koyonsa a aji. Sai ka tsaya kusa da wanda ya iya, shekara da shekaru, yana yi kana gani, kana yi yana dukan hannunka.

A zamanin Matiron Gambo muna da yawa. Wata tana rabon magani, wata tana wankin ciwo, wata ba ta da aiki sai zagaya gadaje tana kallo. Wannan ta ukun ita ce ta fara ɓacewa. Tsofaffi suka yi ta ajiye aiki ba a maye gurbinsu ba. Matasa kuma da sun goge sai su kama hanya: wannan Kano, wannan babban asibitin tarayya, wannan ƙungiyar agaji, wannan Saudiyya, wannan Ingila. Ba zan ce gwamnati ta naɗe hannu ba. An ƙara makarantu, an ɗauki sababbi, an yi ta maganar alawus ga wanda ya yarda ya zauna a karkara. Mu ma an sha kiranmu taron bita a Dutse kan yadda za a ƙarfafa ma'aikatan jinya, a ba mu shinkafa da lemo, mu tafa, alhali na baro yara cike da ɗaki a hannun mutum ɗaya don in halarci taron. Sababbin da ake turo mana yara ne masu kai, ba na raina su. Sai dai da ka gama koya wa yarinya neman jijiya sai ta zo yi maka sallama. Ɗiban ruwa da kwando muka yi ta yi.

Da hannu ya yi kaɗan sai muka ari na masu jinya. Kun san asibitinmu na nan, kowane gado da mai jinyarsa zaune a tabarma a ƙasa: ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce kunu. To sai muka ƙara musu aiki ɗaya. In aka sa wa yaro ruwa, sai mu kama hannun uwar ko kakar mu ɗora a kan 'yar tayar nan, mu ce, "In kika ga ledar ta ƙare, murza ƙasa, ki zo ki kira ni." Ba a rubuce yake a kowane littafi ba, kuma duk wanda ya yi aiki a karkara ya san ana yi. In ba a yi haka ba, leda ta ƙare, jini ya biyo roba ya daskare, kanula ta toshe, a koma neman jijiyar da da ƙyar aka same ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan kuwa suna ji da wannan matsayi, har wata takan yi wa ta kusa da ita gori cewa ita Sista ta nuna wa.

Ana cikin haka aka turo min Sa'adatu, 'yar Ringim, mahaifinta mai lambu ne. Siririya, ba ta da hayaniya, in tana magana sai ka matso. Ranar da ta fara aiki na ga ta tsaya a gaban wani gado tana kallon numfashin yaro ba wanda ya sa ta, na ce a raina yau na yi tsintuwa. Hannunta yana da sanyi, jijiyar da ta gagare ni ita takan samu. Na zuba mata duk abin da Matiron Gambo ta zuba min, har da faɗan. 'Yan ajinsu duk sun watse, suna turo mata hotuna daga ƙasashen sanyi sanye da manyan riguna. Ita ma ta fara karatun jarrabawar fita. Ban ɓoye mata ba, na ce, "Sa'adatu, saura kaɗan in ajiye aiki. In kika tafi, ɗakin nan ba shi da kowa." Ta ce, "To Anti, zan zauna mu gani." Ta ajiye littattafan. Daga ranar na fara barci mai daɗi.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya ci gonaki, ya shiga rijiyoyi da masai ya gauraya su. Aka fara kawo mutane a kan babur, mutum a tsakiya ana riƙe da shi, wasu a amalanken shanu. Gadaje suka cika, baranda ta cika, muka koma gindin darbejiyar da ke harabar asibiti, muka buga ƙusoshi a jikinta muna rataya ledojin ruwa. Likita ɗaya ne a asibitin gaba ɗaya. Ga zazzaɓin damina bai fasa nasa ba. Aka ciro ni daga ɗakin yara aka ce in riƙe gindin bishiya, aka bar Sa'adatu ita kaɗai a ciki, yara bibbiyu a gado.

A irin wannan rana aka kawo Sale daga wani ƙauye a ƙasar Buji. Bai daɗe da yaye ba. Tamowa ta riga ta cinye shi kafin gudawar ta zo: gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, haƙarƙari a waje. Ɗan fari ne, uwarsa yarinya ce mai kunyarsa, ko sunansa ba ta faɗa, tana can bakin ƙofa tana leƙe. Don haka kakarsa ce a gindin gado, Iya Tabawa, tsohuwa mai kuzari da baki, irin wadda kafin la'asar ta san sunan kowa a ɗaki da abin da ya kawo shi. Yaron ba ya iya haɗiyar komai, dole sai ta jijiya. Amma mai tamowa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ruwansa ɗis, ɗis ake ba shi, kamar mai rowa. Sa'adatu ta samu jijiya, ta saita ɗigon da agogonta yadda ya kamata ledar ta kai yamma. Ta ɗora hannun Iya Tabawa a kan taya ta ce, "Iya, in ya ƙare ki murza ƙasa." Tsohuwa ta ce, "Ai an gama, 'yata." Sa'adatu ta wuce can ƙarshen ɗaki inda wata yarinya take jijjiga.

A gadon da ke kusa da na Sale akwai wani yaro babba, mai jiki, da amai da gudawa suka kwantar. Shi ruwansa a buɗe yake, yana zuba kamar famfo, don haka ciwonsa yake buƙata. Iya Tabawa ta kalli wancan, ta kalli na jikanta. Kafin nasu ya sauka ɗan yatsa ɗaya, an canja wa maƙwabci leda. Ta kuma ga yaron maƙwabcin ya buɗe ido har ya nemi kunu. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama ya san abin da zai raya a ransa: kwamin da ya fi shan ruwa shi yake tashi. Ta kira Sa'adatu, Sa'adatu ta ce tana zuwa. Ta sake kira, ta ce tana zuwa. Tsohuwa ta ga an nuna mata hanyar rufewa, ai hanyar buɗewa ba ta da nisa.

Ina gindin bishiya, wajen azahar, na ji Sa'adatu ta ƙwala min kira. Ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba. Na tarar leda ta shanye tas, idanun Sale sun kumbura, yana numfashi sama-sama, kumfa a bakinsa. Muka ɗaga shi zaune, muka yi masa allurar da ke sa fitsari. Injin iskar numfashi yana nan a kusurwa, babu wuta, janareta babu mai. Likita yana ɗakin tiyata yana ciro wa wata mata ɗa. Iya Tabawa tana tsaye a kanmu tana bayani da zuciya ɗaya: "Na ga nasa ba ya gudu ne, na ɗan taimaka masa. Ku yi masa, Allah ya yi muku albarka." Kafin la'asar Sale ya cika.

Sa'adatu ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa. Ba a gaya wa mai gawa a hannu irin wannan magana. Tsohuwa ta naɗe jikanta a zane ta goya shi, ta ce kwanansa ne ya ƙare, ta yi mana godiya gado-gado har da masu shara. Uwar ta bi ta a baya, sai da suka fita ƙofar asibiti muka jiyo kukanta. Ni kuma na koma gindin bishiya, don an riga an sauke wasu daga amalanke.

Bayan annoba ta lafa, aka turo mutane daga Dutse su duba yadda aka yi aiki. Maganar Sale ta taso. Wani mai babbar riga ya tambayi Sa'adatu, "Ina kike lokacin da ruwan ya ƙare?" Ta ce tana kan yarinya mai jijjiga. Ya ce, "Wa ya ba mai jinya izinin taɓa kayan aiki?" Na ce ni ce, kuma in yana da wata dabarar da mutum ɗaya zai tsaya a gaban kowane gado lokaci guda, ya koya mana yanzu. Bai ji daɗi ba, ni ma ban nemi ya ji ba. Suka tafi suka bar mana doka a manne a bango, da Turanci, cewa an haramta wa masu jinya taɓa ƙarin ruwa. Ƙarin ma'aikaci kuwa, suka ce ana kan duba lamarin.

Sa'adatu ba ta ce za ta tafi ba a lokacin. Ta dai daina ɗora hannun kowa a kan taya, sai ta riƙa naɗe ta da filasta, ta yi ta safa da marwa tsakanin gadaje har ta rame. Ledoji suka riƙa ƙarewa ba a sani ba, kanula tana toshewa, ana sake huda yara suna ihu. Ina kallonta ina addu'a ta saba, kamar yadda muka saba.

Da kaka ta yi, an gama yankan gero, sai ga Iya Tabawa ta yi sallama a ɗakin yara, da ƙwan zabi a ƙwarya. Ba mara lafiya ta kawo ba, kasuwa ta ci ta biyo. Ta nemi Sa'adatu ta dire mata ƙwaryar a gaba. Ta ce, "'Yata, ban manta wahalar da kika sha a kan Sale ba. Allah bai yi zai rayu ba, amma ko ba komai na gode Allah da ya sa na buɗe masa ruwan nan ya sha ya ƙoshi. Da ya tafi da ƙishirwa." Sa'adatu ta sunkuyar da kai, ta ce, "Allah ya jiƙansa, Iya." Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin.

Tsohuwa ta juya za ta fita, tana gaisawa da mata kamar yadda ta saba. Ta tsaya a gadon wata jaririya, ta kalli ledar ruwa, ta ce wa uwar, "Ke, na 'yarki ba ya gudu. Ba a nuna miki ba? Kawo ki gani." Ta kai hannu tana ɓare filasta. Ban san lokacin da Sa'adatu ta tsallake gado ba. Ta damƙe wuyan hannun tsohuwar ta ce, da ƙarfi, kowa yana ji, "Iya, kar ki taɓa! Wannan murzawar ce ta kashe Sale! Ke kika sakar masa ruwan da ya fi ƙarfin zuciyarsa!"

Iya Tabawa ta kalli hannunta, ta kalle ni. So take in ce ƙarya ne. Ban ce ba. Ta zauna daɓas a kan siminti. Can ta ce, "Ashe ni ce? To me zan ce wa uwarsa?" Wasu mata biyu suka kama ta suka fitar da ita, suka tsayar mata da mai babur. Na yi aiki da gawarwaki ba adadi, amma ban taɓa ganin abin da ya karya min zuciya kamar bayan tsohuwar nan tana fita ba.

Washegari Sa'adatu ta same ni ina jera magani. Ta ce, "Anti, ban yi da-na-sanin faɗa mata ba. Da na yi shiru da ta kashe wata. Amma ita ba ta yi laifi ba, ni ma ban yi ba, ke ma ba ki yi ba, kuma yaro ya mutu. In na zauna, gobe ma haka za a yi. Ki gaya min gaskiya, in na zauna za a turo wata mu zama biyu?" Na yi shekaru ina lallashin yara su sha magani mai ɗaci, na iya daɗin baki. Ranar na neme shi na rasa. Na ce, "Ban sani ba." Ta ce, "Kin sani, Anti." Ta koma kan littattafanta. Ba a rufa shekara ba ta zo har gida da mahaifinta yi min sallama, ta kawo min turmin atamfa. Na sa mata albarka, kuma har zuciyata na sa. Yanzu tana can wata ƙasa tana jinyar tsofaffi, ta ce marasa lafiyar da ke hannunta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ranar da na ajiye aiki ba a turo kowa ba. Malam Isyaku, nas ɗin ɗakin maza, shi aka ce ya haɗa da ɗakin yara kafin a gani. Mutumin kirki ne, amma rabonsa da neman jijiyar jariri tun yana makaranta. Na miƙa masa makullin kabad ɗin magani, na ɗauki jakata. Ya biyo ni har ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Sista, don Allah kafin ki tafi ki nuna wa matan nan yadda ake rufe ruwa. Ni ba zan iya zama a nan ba, kuma ba kowace za ta bari in kama hannunta ba."

Na ajiye jakar. Na bi gadajen ɗaya bayan ɗaya, ina ɓare filasta, ina kama hannun kowace mata ina ɗorawa a kan taya. Ina cewa ƙasa kawai, ban da sama, ko da kin ga na maƙwabciyarki yana gudu, ko da wa ya ce miki. Suna ta gyaɗa kai. A gado na ƙarshe wata yarinya ce da ɗanta na goye, ta riƙe min gefen riga ta ce, "Anti, to in na ga wani abu ya canja fa, wa zan kira?"

Na ce ta kira Malam Isyaku. Na waiwaya in nuna mata shi, ya riga ya koma ɗakin maza.